Ƙwallon Gashin da Na Shanya a Rana

Ranar da na shimfiɗa tabarma a bayan sito na shanya kayan gwamnati a rana ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake shekaru sun tafi, kuma yawancin waɗanda abin ya faru a gabansu sun riga mu gidan gaskiya. Ku da kuke riƙe da makullan sito yanzu kun sha jin labarai a bakina, amma na ban dariya na fi ba ku. Wannan ban taɓa ba ku shi ba. Na ga gara in rubuta, don na san idan na ce da baki zan faɗa, a tsakiya zan tsaya.

Na kama aiki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Birnin Kudu, ba da daɗewa ba bayan an daina fam da sule an koma naira. Lokacin muna cikin Jihar Kano. Abin da ya sa aka ɗauke ni, ina da takardar yaƙi da jahilci, na iya karanta Hausa, na iya sa hannu, na kuma san lambobi. Matsayina mataimakiyar mai sito, wato ƙasa da sitokifa, sama da lebura kaɗan. Ga wanda bai san aikin ba, sitokifa shi ke karɓar kaya daga ma'aikatar ilimi ya riƙe takardunsu. Ni kuwa nawa shi ne shara, da jera kaya, da fitar da abin da aka rubuto a bayar, da kuma lura kada gara ko ɓera ko danshi su taɓa komai. A ƙa'ida sabon ma'aikaci sai ya yi shekara biyu ana duba halinsa kafin a tabbatar da shi, kuma kafin nan laifi ɗaya ya isa a ce ya tafi gida. Ni saura mini wata huɗu. Ga 'ya'ya huɗu a gida, maigidana kuma ciwon ƙafa ya rage masa noma. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, sai don ku san abin da ke cikin zuciyata a lokacin.

Shekarun nan kuɗin mai sun shigo, kaya suna ta zuwa makarantu mota-mota. Barguna, katifu, kwanuka, har da abubuwan da ba mu san sunansu ba. A cikin malamanmu akwai wata mai koyar da kimiyya da aka ɗauko daga Indiya, kowa Malama Ba'indiya yake ce mata, ita ma ta amsa. Ita ta kawo mana wasan badminton. Ana ɗaura raga a tsakiya, mutum biyu su tsaya kowa a gefensa da raket a hannu, wani abu ne kamar faifai mai dogon mariƙi. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ne irin wanda muka sani. Gindinsa kamar totuwar kara, an lulluɓe shi da farar fata, sannan an kafa masa gashin fiffiken tsuntsu guda goma sha shida a kewaye, an ɗaure su da zare layi biyu. Mu dai ƙwallon gashi muke ce masa. Iska kaɗan takan kauce da shi, shi ya sa a ɗakin cin abinci ake yin wasan, a ture tebura gefe, a rufe tagogi duk zafin da ake yi. Akwai kuma na roba, wanda aka kwaikwayi na gashin da shi. Shi ke da araha da ƙarko, kuma da shi yaranmu suke yi kullum.

A cikin yaran akwai Furera, 'yar ajin ƙarshe, daga Basirka ta ƙasar Gwaram. Siririya ce, bahaguwa, ba ta da yawan magana. Tun tana aji ɗaya take ce mini Inna, don akwai lokacin da ta yi zazzaɓi na riƙa kawo mata kunu daga gida. In ta riƙe raket sai ka ce ba ita ba. Ta je Kano ta cinye 'yan makarantun jiha, ta je Kaduna ta dawo da kofi. Daga nan takarda ta zo cewa ana kiranta Legas, inda za a tara waɗanda suka fi kowa a ƙasa, a gwada su, a zaɓi 'yan kaɗan da za su shiga ƙungiyar ƙasa su fita waje su kara da wasu ƙasashe. Zaɓen bayan hutun bazara ne da 'yan kwanaki. Sai da Malama Ba'indiya ta taka da ƙafarta har Basirka kafin mahaifin Furera, Malam Buba, ya yarda. Mun ji cewa danginsa ba su so ba, shi ya tsaya ya ce ta tafi.

A Legas da na gashi ake wasa, ba na roba ba. Don haka Malama ta yi ta bin ma'aikatar ilimi har aka aiko da kwali biyu, dogaye kamar gora, kowane da ƙwallo goma sha biyu a ciki, an cusa su cikin juna. Ana sauran kwana kaɗan a yi hutu aka aiko mata cewa mahaifiyarta ba lafiya, dole ta tafi ƙasarsu. Ta shirya cewa Furera za ta zauna a makaranta a gidan matron, wato matar da ke kula da ɗakunan kwanan yara, Malam Isa malamin wasanni ya riƙa yi da ita safe da yamma har mako uku, sannan ya raka ta Legas. Malam Isa mutumin kirki ne, amma gwaninsa ƙwallon ƙafa, na gashin nan bai taɓa buga shi ba sai sau ɗaya ko biyu.

Kafin ta tafi ta zo sito da su biyun. A gabana ta gaya musu cewa na gashi ba ya tafiya irin ta na roba, kada su yi mamaki, duk yadda suka ji shi Furera ta saba hannunta da shi, don shi za ta tarar a can. Sannan ta juyo gare ni. Hausarta ba ta da yawa, amma na gane ta sarai. Ta ce in naɗe kwalayen a cikin jiƙaƙƙen buhu, in ajiye su a gindin randa, kowace safiya in yayyafa wa buhun ruwa, kuma kullum in fitar da biyu kawai in karɓi na jiya. Na ce to. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Kwana uku ina yi yadda ta ce. A na huɗu, da na buɗe buhun, sai na ji warin danshi, na kuma ga ɗigon fumfuna a jikin kwali. Hankalina ya tashi. Ni 'yar manoma ce. Tun ina ƙarama abin da na sani shi ne, duk abin da kake so ya daɗe, rana za ka ba shi. Gero, wake, kuɓewa, barkono, har tufafin da suka daɗe a adaka. A siton ma haka muke yi wa barguna da katifu. Na ce a raina, baiwar Allah nan ba ta san ƙasarmu ba, wataƙila a garinsu haka ake yi, amma nan in na biye mata, kafin a fara wasan fumfuna ta cinye su, a ce ni ce ban kula ba. Sitokifa ya tafi Kano kai takardu, ba wanda zan tambaya, ko da yake gaskiya ko yana nan ban jin zan tambaya. Ina ganin na san aikina.

Na fito da su duka ashirin da huɗu, na jera a tabarma a kan siminti, na kife kwando a kai don kada iska ta kwashe su. Rana ce irin ta bazara, wadda ba a taka siminti ba takalmi. Na bar su yini guda, washegari na ƙara, don in tabbata sun bushe.

Da la'asar ta kwana na biyu na zo kwashewa. Na ɗauki na farko na shafa shi da yatsa, sai na ji ƙas, tsinken gashi ɗaya ya karye. Na taɓa na kusa da shi, shi ma haka. Gashin duk ya murɗe, ya yi kaushi kamar busasshen ganyen rama, gam ɗin da ya riƙe zaren ya ɓare. Na gwada guda biyar, ba wanda ya jure ko matsawa da yatsa, balle duka da raket. A nan na gane amfanin jiƙaƙƙen buhun. Ashe gashin tsuntsu laushinsa yana tare da ɗan danshinsa.

Saura kwana huɗu a fara horon. Abin da ya kamata in yi a fili yake. Gidan Shugabar makaranta bai fi taku ɗari biyu daga sito ba. Da na je na faɗa, da ko an aika Kano a nemo wasu, ko kuwa a ce Furera ta ci gaba da na roba tana sane da cewa na roba ne. Amma na tuna wata huɗun nan, na tuna yara, na tuna yadda zan tsaya in ce an gaya mini abin da zan yi na ƙi. Sai na duba ƙwallon da ke hannuna da idon mai ɗinki. Ni kuwa na iya ɗinkin hula, na iya saƙar faifai, a unguwarmu ana yaba hannuna. Na ga gindin bai lalace ba, ramukan da aka kafa gashin suna nan. Zuciyata ta ce, ai gashi ne da zare kawai.

Ina da ƙanwa a Kangire, mijinta yana kiwon agwagi. Washegari na je na ce mata mafici zan yi. Muka kama farare muka fige na fiffike, ta shiga maƙwabta ta tattaro mini wasu, tana tsokanata wai tunda na zama ma'aikaciyar gwamnati ko mafici sai na fari. Na karɓi gam a wajen kafintan makaranta na ce kujera zan gyara. In an tashi aiki da azahar sai in kulle kaina a sito. Na warware guda ɗaya a hankali na ga yadda aka kama zaren. Na yanke kwali daidai siffar gashin asali, na riƙa ɗora na agwagwa a kai ina dashewa da almakashi. Na kafa, na ɗaure layi biyu, na shafa gam. Na farko ya karkace, na biyu ma haka. Na uku kuwa, da na ajiye shi kusa da wanda ban taɓa ba, sai da na duba sau biyu kafin na bambanta su. Allah ya yafe mini, a lokacin har daɗi na ji.

Abin da ban sani ba, wanda sai daga baya aka bayyana mini, shi ne gashin asali na dinya ne, kuma duk na fiffike ɗaya ake zaɓa a ƙwallo guda, a auna nauyinsa da faɗin bakinsa. Nawa ya fi buɗewa kaɗan, ga shi na gauraya na dama da na hagu. Ido ba ya gani, amma iska tana kama shi, ba ya nisa.

Ranar farko na tsaya a bakin ƙofar ɗakin cin abinci da tsintsiya a hannu kamar mai shara. Furera ta ɗaga ƙwallon ta buga, ya tashi ya faɗi a tsakiyar fili. Ta sake, haka. Malam Isa ya ɗauke shi ya jujjuya, sai ya yi dariya.

"Lallai Malama ta faɗa," in ji shi. "Na roba kamar harsashi, wannan kuwa tafiyar mai jego yake yi. Ƙara ƙarfi, 'yar Basirka, ko ba kya daka a gida?"

Ta ƙara ƙarfi. Haka suka yi ta yi. Kowace safiya ta zo sito ta gaishe ni, in miƙa mata biyu, in karɓi na jiya, da rana in sake musu gashi. Malam Isa har yabawa yake, wai kayan Turai akwai ƙarko. Mako uku, kullum sai na miƙa mata su da hannuna. Ina so ku lura da wannan. Ba sau ɗaya na yi ƙaryar ba, kowace safiya sabuwa nake yi, kuma kowace safiya da damar in faɗi gaskiya.

A mako na biyu kafaɗarta ta hagu ta fara ciwo. Ta zo da yamma ta zauna a kan buhun wake, na ɗauko man shanu ina murza mata.

Ta ce, "Inna, ƙwallon nan rowa gare shi. Sai na ba shi duk ƙarfina yake kai layin ƙarshe."

Saura kaɗan in faɗa mata gaskiya. Na dubi bayan wuyanta, ga zufa ta jiƙa rigar. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yi haƙuri, 'yata, haka kayan Turai suke."

A cikin duk abin da na yi, wannan kalma ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Zuwa mako na uku hannunta ya saba. Duk bugun da ta yi sai ya sauka daidai layin ƙarshe, kamar da awo. Malam Isa ya ce bai ga wadda za ta tsaya mata ba. Ni ma na rarrashi kaina cewa ai ƙarfi ba ya zama aibi, wanda ya saba da nauyi in ya sami marar nauyi sai ya ji daɗi. Ranar tafiya na soya mata gyaɗa na ƙulla a leda, na yi mata addu'a a bakin mota, kuma da gaske nake addu'ar.

Bayan kwana shida suka dawo. Furera ba ta biyo ta sito ba. Malam Isa ne ya zauna a inuwar darbejiya yana ba ma'aikata labari, ni ina gefe. Ya ce bugunta na farko ya wuce layi da fiye da kamu guda. Na biyu ma haka. Abokiyar karawarta da ta gane, sai ta daina wahalar da kanta, ta riƙa tsayawa tana kallon ƙwallo yana wuce ta ya faɗi waje. Da Furera ta ga haka ta rage ƙarfi, sai ya zo gajere, waccan ta riƙa sauke mata shi a ƙafa. Wasan mata a lokacin maki goma sha ɗaya ne, kafin mutum ya gano hannunsa an gama. Ta yi karawa biyu, duka aka cinye ta, aka sallame ta tun ranar farko. Ya ce wani daga cikin masu zaɓen ya tambaye shi ko mai sassabe suka kawo musu. Shi dai abin da ya ɗauka, tsoron jama'a ne ya kama ta, don ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba. Kowa ya ce haka ne, yarinyar ƙauye, Allah sarki. Ni ma na gyaɗa kai tare da su.

Furera ta yarda da wannan magana. Ta daina zuwa ɗakin wasa, ta mayar da raket ɗinta sito ta hannun wata ƙawarta. Matron ta ce mini ba ta cin abinci sosai. Na so in kai mata kunu, na kasa.

Sai farkon damina Malama Ba'indiya ta dawo. Ta ji labari daga Malam Isa, ta ce ba ta yarda ba, ta san yarinyarta, tsoro ba ya sa hannu ya yi ta wuce layi da awo ɗaya. Ta zo sito ita da shi, ta sa aka kira Furera, sitokifa ma yana nan. Ta ce in kawo ragowar. Saura huɗu a kwali. Ta zaro ɗaya, ba ta ma buga shi ba. Ta jefa shi sama da hannu, ta kalli yadda yake saukowa, ta sake jefawa. Sannan ta kai shi bakin taga ta daɗe tana duba zaren. Ta ce wannan ba shi ne abin da ta bari ba. Ta tambayi sitokifa wa ya taɓa kwalayen, ya rantse bai ko buɗe su ba. Ta ce to a kawo mata takarda, za ta rubuta wa ma'aikatar ilimi a bi sawun wanda ya kawo kayan.

Na ga abin zai faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Na durƙusa. Na ce ni ce. Na faɗi komai, tun daga fumfuna har agwagin Kangire, Malam Isa yana mayar mata da abin da ba ta gane ba. Ban ɗaga kai ba, ƙafafun Furera kawai nake gani a bakin ƙofa, cikin takalmin makaranta. Kafin in gama sai na ga sun juya sun tafi.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyansa ne ya yi ɓarnar, da ya yi muni da tun ranar farko an gane. Ta ce ita ma tana da nata kason, da ta gaya mini dalilin jiƙa buhun. Wannan ya fi mini zafi a kan zagi. Maganar ta je gaban Shugabar makaranta. Aka ba ni takardar tuhuma, wato a rubuce a tambaye ka dalilin da ya sa ba za a hukunta ka ba, kai ma ka amsa a rubuce. Na amsa da Hausa, layi biyar. Aka ba ni gargaɗi, aka ɗage tabbatar da ni da shekara guda. Korar da na ji tsoro har na yi duk wannan, ba a ma yi ta ba.

Bayan kwana biyu Furera ta zo sito. Ta tsaya daga waje, ta gaishe ni kamar kullum. Ta ce ita ta yafe. Amma tun daga Legas ta rubuta wa mahaifinta cewa tsoro ya kama ta ta ba shi kunya, kuma ta ji labarin 'yan'uwansa suna yi masa dariya, suna cewa dama sun faɗa.

"In na rubuta masa yanzu, cewa za a yi na sami abin fakewa," in ji ta. "Inna, ki je ki gaya masa da bakinki."

Ranar Asabar na nemi izini na shiga motar kasuwa zuwa Gwaram, daga nan na jira wata har ta cika zuwa Basirka. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ko'ina mutane suna gona suna shuka. Na tambayi gidan Malam Buba aka nuna mini. Na same shi a zaure ya dawo sallar azahar, ya baza irin dawa a faifai yana tsince marasa kyau. Dattijo ne baƙi, gajere, da irin idon Furera. Na gaishe shi na faɗi ko ni wace ce, ya yi murna, ya ce ai ya san sunana, ni ce mai kunu. Ya sa a kawo mini ruwa. Na ce ya bari tukuna sai ya ji abin da ya kawo ni.

Na faɗa masa. Na taho da ƙwallo ɗaya a ƙullin zanena, na miƙa masa. Ya jujjuya shi a tafin hannu.

"Shanya kam, ko ni ne da na shanya," ya ce. "Wa ya taɓa jin an adana abu da jiƙo? Wannan rashin sani ne, ba a kama mutum da shi."

Ya ajiye ƙwallon, ya ɗebi irin dawar ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Amma baiwar Allah, in maƙwabcina ya ce mini ga iri, sai dai ruwa ya taɓa shi, zan gode masa in nemi wani. In kuwa ya san ya mutu, ya sheƙe shi ya gyara shi ya miƙo mini yana fara'a, ba mudu ɗaya ya cuce ni ba. Damina guda ya cinye mini. Ita kuma ba ta dawowa."

Ya ce abu ɗaya yake roƙona, tunda na sha hanya na zo. Ya aika aka kira wansa da ƙaninsa daga gona, suka zo da laka a ƙafa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Wan ya ce, to yanzu duk wannan a kan gashin agwagwa ne? Malam Buba ya ce a'a, a kan sunan 'yarsa ne. Sannan ya sa aka shiga da ni cikin gida, na sake faɗa a gaban mahaifiyar Furera da matan gidan. Sau uku ke nan a yini ɗaya. Uwar ba ta dube ni ba har na gama, daga baya ta tashi ta dama fura ta ajiye a gabana. Na kai ludayi baki sau biyu don kada in raina. Da la'asar Malam Buba ya raka ni bakin hanya da kansa, ya tsaya har mota ta zo, ya ce in gaida yara.

Furera ta gama makaranta a shekarar. Ta yi horon malanta, aka tura ta wata firamare a ƙasar Gwaram, inda ko ajin kirki babu, balle ɗakin da za a rufe tagogi a ɗaura raga. Malama Ba'indiya ta yi ta rubuta takardu a sake kiranta, amma kafin wani zaɓen ya zo kwantiraginta ya ƙare ta koma gida, kuma wanda ya bar makaranta ba mai tuna shi. Ba a sake kiran Furera ba. Ta yi aikinta har ta zama hedimasta, kuma duk inda muka haɗu sai ta durƙusa ta gaishe ni.

A shekarun da suka biyo, lokaci-lokaci rediyo yakan faɗi cewa 'yan badminton na ƙasarmu sun fita waje, wani zubin sun dawo da lambar yabo, wani zubin hannu wofi. Ma'aikata su ce, da Furerarmu tana ciki da ba haka ba. Ni ban taɓa sa baki ba. Ban ce da ta ci ba, don waɗanda ta tarar a Legas su ma gwanaye ne, wataƙila ko da ƙwallon asali ta yi horo su fi ta. Allah kaɗai ya sani. Ita ma ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba, ni na hana ta.

Na yi shekara ashirin da wani abu a sito bayan wannan, har na zama sitokifa. Abin da na gane shi ne, mu masu sito ba ma ganin inda kayanmu suke ƙarewa. Muna miƙawa ta taga, wani ya tafi da shi ya dogara da shi a inda ba ma nan. In babba ya ba ku umarnin da ya saɓa wa abin da kuka sani, ku tambaye shi dalili, ba raini ba ne. In kun girma kuna ba da umarni, ku haɗa da dalilin, don na ƙasa da ku ma yana da nasa sanin, kuma da shi zai yi aiki in kun juya baya. Sannan wanda ya fi duka: abin da ya lalace a hannunku, 'ya'yana, ku ɗauke shi a lalacensa ku kai ofis tun ranar, kafin hannunku ya fara ba ku dabara.